Garmar Torkuma

Rugar Ashafa, Obi
Afrilu, 2004

Tsarata Mahmuda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Rekiya da yara. Ya aikin ofis, ya zafin Lafia? Mu nan sai godiya.

Ban ga ƙeyarka ba a jana'izar Torkuma. Na yi ta kare ka, na ce aiki ne ya riƙe ka. To yanzu ruwa ya sauka, ba sauran uzuri. Ka san al'adarmu: in mutum ya rasu, tsararrakinsa ne ke tara wa matarsa kunyar doya a daminar farko, da hannunsu, ba da 'yan ƙwadago ba. Gonar nan kuwa aro ce. Mai ƙasar ya gaya wa Nguavese, matar marigayi, duk inda bai ga kunya ba zai ba wani. Da doyar nan take ciyar da marayu.

Mu uku aka haifa a shekarar da motoci suka koma hannun dama: ni ɗan Fulani, kai ɗan gari, shi ɗan ƙabilar Tibi. Saura mu biyu. Ka zo ranar Asabar, ko da kunya goma ce ka tara.

Ka gaida gida.
Naka,
Yero

Rugar Ashafa, Obi
Mayu, 2004

Malam Mahmuda,

Bayan gaisuwa, ina fatan iyali lafiya. Amsarka ta iso, na karanta, raina ya ɓaci ƙwarai.

Wai tsara ba ta wuce waɗanda aka haifa lokaci ɗaya ba, wai in haka ne rabin Najeriya tsararrakinka ne, ba za ka yi wa kowa noma ba. Sannu malamin fassara! Rabin Najeriya ne suka ciro ka daga rafi ranar da ruwa ya ja ka? Torkuma ne. Rabin Najeriya ne suka sha bulala tare da kai da shanun babana suka shiga rogon mutane? A rediyo kuwa na ji ka a taron siyasa kana kiran manyan mutane tsararrakinka, waɗanda ko sunan mahaifiyarka ba su sani ba. Can kalmar ba ta yi maka nauyi a baki ba.

Na je ni kaɗai. Ni makiyayi ne, garma ba sana'ata ba ce, tafin hannuna duk ya sale. Iorliam ƙanin marigayi ya kama mini, amma rabi muka iya. Sauran rabin, wajen fadama inda doyar ta fi kyau, mai ƙasar ya ba wani. A gabana aka kafa turakun iyaka, Nguavese tana tsaye tana kallo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Da zan tafi ta ɗauko wata ƙaramar garma. Ta ce Torkuma yana kwance ba lafiya ya sa aka kawo masa ita, ya zauna yana goge ƙotar da fasasshiyar kwalba har ta yi santsi. Ya ce a ajiye wa Mahmuda, hannunsa ya yi laushi a ofis, kada ta ji masa ciwo ranar da zai zo.

Ga ta nan na ba direban da zai kawo maka takardar nan. Kada ka dawo mini da ita, taka ce.

Ka gaida Rekiya.
Yero ɗan Ashafa, tsarar Torkuma