Ƙwaryar Iri a Bakin Ƙofa

Daren Juma'a, ƙarshen bazara, garin Yako.

An yi ruwa bayan isha'i, irin na shuka. Gari na ta murna, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake. Gobe zan kaɗa gurmi a wani gidan cin abinci a Kano, karon farko da aka gayyace ni birni, kuma sun ce in iso da hantsi don gwaji. Ranar roƙon ruwa na ce amin tare da kowa, amma a zuci ina fatan ya jira Lahadi.

Ɗazu Baba ya leƙo ɗakina da ƙwaryar irin dawa. Ni kaɗai ne mai taya shi aikin gona. Gwiwarsa a kumbure take, ko masallaci da sanda yake zuwa.

"Sani, da asuba za mu fita, kafin ƙasa ta sha iska."

Na ce, "Baba, gobe ne fa zancen Kanon nan."

Ya dubi gurmin a rataye, ya ce, "To, ka gaishe su." Ya ajiye ƙwaryar a bakin ƙofata ya tafi.

Da faɗa ya yi mini, da na samu barci. Motar Kano da sassafe take tashi, kuma ba yadda zan fita ɗakin nan ban tsallake ƙwaryar nan ba.