Sunan da Aka Rubuta a Tafin Hannuna

Zuwa ga yaron nan nawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Na sani sarai ba za ka karanta wannan ba. Gidan waya na unguwar Barbès a nan Paris yana kai takarda har Damagaram, har Jidda, amma inda kake ba su da jaka. Ina rubutawa ne don bakina ya saba yin shiru a gabanka, sai na ce bari in ga ko hannu zai fi shi ƙarfin hali.

Labarin da na zo da shi gajere ne: matarka ta koma ƙasarsu, ta tafi da yarinyar. Amma ka san halina, ba na shiga gida ta katanga. Bari in biyo ta ƙofa.

Kana goye a bayan uwarka, akwai wani tsohon soja a unguwarmu, Sarjan Gambo, wanda Nasara suka kai yaƙi can gabas, ya dawo da ƙafa ɗaya da labari dubu. Wata rana a bakin kasuwa ya ce mana akwai wata ƙasa bayan teku inda suna ba a baki yake ba, a hannu yake. Wai mata goma sai su amsa kira ɗaya, amma kowace da abin da nata ke nufi, kuma ba ka sanin na wacce ne wanne sai ka ga yadda aka rubuta shi. Muka yi ta dariya. Mutumin da ya taɓa rantse mana ya ga kifi ya haɗiye kwale-kwale har da mai tuƙi? A wurinmu suna raɗa shi ake a kunne, liman ya faɗa, maroƙi ya ɗaga murya, shi ke nan an gama. Na jefa zancen a buhun ƙaryar Sarjan, na ɗaure bakinsa.

Kai ne ka kwance buhun nan. Ka tuna ranar da ka kawo mini ita, matar taka, shago, bayan ka gama karatun injiniya a Villeurbanne, gefen Lyon? Ka ce Bajapaniya ce, tare kuka yi karatu. Ta sunkuya, na sunkuyar da ido. Ta ƙara sunkuyawa, na ƙara duban kwalaben turare kamar ban taɓa ganinsu ba. Da Alhaji Mamman mai atamfa bai shigo neman wutar kunna taba ba, ina jin da har yau muna nan. Suruka ce fa. Ya zan ƙura mata ido? Amma ta kwanta mini tun ran nan. Mutum mai cire takalmi a bakin ƙofa ba a ce masa ba, an yi masa tarbiyya. Ban faɗa maka ba. Me na taɓa faɗa maka?

Da aka haifi yarinyar na hau sabon jirgin ƙasan nan mai gudu kamar an koro shi, na iso Lyon goron bakina bai ƙare ba. Kuka zaunar da ni. Matarka ta durƙusa ta shimfiɗa takardu huɗu a gabana, kowace da zanen baƙar tawada, ita ta yi su da alƙalamin gashi. Ka ce sunan da kuke so Haruka ne, kuma duk huɗun Haruka suke cewa, sai dai kowace da inda ta dosa. Ta farko furen lokacin toho. Ta biyu ƙamshin lokacin toho. Ka sha wahala kafin ka fassara mini lokacin nan, don ba bazararmu ba ce mai ƙona ƙeya, ka ce in ɗauka kamar makon da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi numfashi. Ta uku ƙamshin ranar da sama ta washe. Ta huɗu zane guda ne tak, mai doguwar wutsiya ta ƙasa kamar hanyar da ta bar gari, ka ce ma'anarsa nisa. A raina na ce Allah ya jiƙan Sarjan Gambo, ashe a buhun nan akwai ƙwaya.

Sai ka ce a gidansu kakan wajen uba ne ke zaɓa.

Na ga abin da ka yi, kada ka zaci ban gani ba. Takarda ta biyu ka tura kusa da gwiwata. Ka nuna mini zanen ƙamshi da yatsa, ka ce in duba, zangarniya ce tsaye a kan ɗan akwati. Ɗan mai turare ya san abin da zai kama ubansa. Kuma ya kama ni. Tun kafin ka rufe baki na zaɓa. Na ji ƙamshin sabon gero a ɗakin nan, a hawa na biyar, a ƙasar da ba ta san gero ba.

Amma kai ne ɗan fari. Tun da aka haife ka ban kira sunanka ba, ban ɗauke ka a gaban mutane ba, ban yabe ka kana ji ba. Haka ubana ya yi wa yayana, haka nasa ya yi. Ta yaya zan miƙa hannu da rawar jiki a kan sha'anin gidanka, a gaban matarka? Kuma a wurinmu ba a karɓar girma a tayin farko. Sai ka ƙi, a sake, ka ƙi, a aiko wani ya same ka a gefe, sannan ka ce to tun da kun matsa. Na kau da kai na ce Allah ya raya, duk wadda kuka ɗauka daidai ce. Ta tattara takardunta a hankali, ta sunkuya, ta fita. Na koma Paris ina jiran ɗan aike. Har na shirya yadda zan yi masa gardama kaɗan kafin in sauko.

Ɗan aike bai zo ba. Ashe a wurinsu in babba ya ce a'a cikin ladabi, ƙara tambayarsa rashin kunya ne. Ita tana kiyaye girmana, ni ina kiyaye kunyata, yarinya tana girma a tsakani. A takardun Faransa ba ruwansu, baƙaƙen boko shida suka rubuta. A gida kuwa kuka bar sunan da ƙaramin rubutun nan nasu da yara ke fara koya, wanda ke ɗaukar sauti kawai, ba ya nufin komai. Duk wannan daga baya na ji.

Ga kuma wasan jika. In na zo sai in ɗauke ta in ce wa ya kawo mini wannan mummunar amarya, ba gashi ba haƙori, a mayar da ita ban so. Kai kana dariya har da riƙe ciki. Matarka ta tambaye ka abin da na ce, ka fassara mata, ta yi murmushi. Na ɗauka murmushi ne irin namu.

Ka yafe mini, zan tsallake ranar da aka buga mini waya, da hanyar nan mai ƙanƙara, da motar. Ba ni da kalmominsu. Abin da zan faɗa shi ne na tsaya a bakin kabarinka a Lyon ban zubar da hawaye ba, ban ambaci sunanka ba. Masu gaisuwa suna cewa sai haƙuri, ina cewa haƙuri ya zama dole, yaron nan ya riga mu. Mutanenmu suka koma suna cewa Malam dutse ne. Ita ma ta ga dutsen. Abin da ta karanta a jikinsa daban ne.

Kafin in ci gaba, ga labarin gida, kada ka ce na hana ka. Uwarka ta aiko kaset daga Damagaram. Rabinsa gaisuwa ne, rabinsa shiru, kana jin awaki a baya. Damina ta sake yi musu gardama. Ta ce in turo mata hoton yarinyar, na tura, ban gaya mata sauran ba. A nan Goutte d'Or ana ta rushe tsofaffin gidaje, na gefenmu ya tafi, yanzu rana na shigowa shago tana ɓata mini turare. Alhaji Mamman ya daina shan taba sau uku a bana. Gwiwata ta hagu ta shiga yajin aiki kamar 'yan metiro, masu jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ni dai ina buɗe shago, ina rufewa.

Abokinka Sani, ɗan Tahoua, shi ya zo ya same ni bayan sallar Juma'a. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce Baba, madam fa za ta tafi. Iyayenta sun tsufa, sun ce ta dawo. Ya ce da ta so zama, don makarantar yarinyar, don kabarinka, amma ta ce ba za ta rene ta a ƙasar da ba ta da kowa ba. Na ce ni fa? Ya sunkuyar da kai. Ya ce a ganinta ban taɓa yafe maka aurenta ba. Uban da bai kiran sunan ɗansa ko a bakin kabari, wanda ya ƙi zaɓa wa jikarsa suna, wanda ke ce mata mummuna. Ya ce kai kullum kana gaya mata al'ada ce, tsoho zai zaɓa in ya shirya, ita kuma tana ɗauka rufa mini asiri kake yi.

To ashe ɗan aiken ya zo. Ya dai makara.

Na sake hawa jirgin nan. Wannan karon na ga bai da gudu. Na tarar da gidan an kwashe, kayan sun riga sun hau teku, sai tabarma da akwatuna biyu. Na zauna, Sani yana tsakani, don Faransancina na ciniki ne, nata na littafi. Na gaya mata abin da ake nufi da ɗan fari. Na ce abin da ya fi tsada shi ake ɓoyewa a ƙarshen shago, ba a ajiye shi a bakin ƙofa. Na ce takarda ta biyu na zaɓa, tun ran nan. Sai ta sa goshinta a ƙasa tana kuka tana ba ni haƙuri, ni ma ina ba ta, Sani ya rasa wanda zai fassara. Ta yarda da ni, wannan na tabbata. Amma an riga an shigar da yarinyar a rajistar ƙasarsu, kuma can dole suna ya tsaya a kan rubutu ɗaya. Da ba a ji daga gare ni ba, mahaifin matarka ya zaɓa. Abin da aka rubuta ya rubutu.

Ban roƙe ta ta zauna ba. Da wane baki? Tsoho mai ɗaki ɗaya a saman shago, mai gwiwa ɗaya da rabi?

Na raka su tasha. Yarinyar ta yi tsawo, tana da goshinka, tana da tafiyarka ta mai neman rigima. Na ce mata amarya, guduwa za ki yi ki bar mijinki? Wannan karon uwar ta yi dariya ta gaske, har ta rufe baki. Sai yarinyar ta kama hannuna ta buɗe tafin, ta ce in tsaya kada in motsa. Ta shiga zane da ɗan yatsanta, a hankali, harshe a waje, kamar yadda kake yi in kana lissafi. Na ji kowane layi. Na ji ta ƙare da doguwar wutsiyar nan ta takarda ta huɗu, ta ja ta har bakin wuyan hannuna. Ba sai an fassara mini ba.

Na dunƙule hannun tun daga Lyon har Paris. Mai duba tikiti ya zaci ciwo ne. Amma la'asar ta yi, kuma ba a sallah sai da alwala.

Yanzu ga abin da ke hana ni sakat. Ita baƙuwa ce, tana da uzuri. Kai fa? Da kake ce mata al'ada ce, ka yarda da abin da kake faɗa, ko kai ma rufa mini asirin kake yi? Ranar da ka ci jarrabawa na ce to madalla na ci gaba da awon turare, ka san cewa da ka fita na rufe shago na zagaya layin nan kaf ina gaya wa har waɗanda ba su tambaye ni ba? Ka san rigar sanyinka ta farko har yau tana ƙarƙashin katifata? Wa zai gaya maka? Na yi zaton akwai lokaci. Na yi zaton ni zan riga ka, ka zo ka tarar da kayan, ka gane da kanka. Haka tsarin yake. Ba a shirya shi don uba ya binne ɗa ba.

Ta yi alkawarin za su riƙa rubuto mini. Za su rubuto, na sani, mutanen kirki ne. Shekara ɗaya, biyu. Sannan Faransancin yarinyar ya zube, Hausa dama 'yar gaisuwa ce kawai. Wata rana wani zai tambaye ta yadda ake rubuta sunanta, ta buɗe masa tafin hannu, ba za ta san akwai wani tsoho da ya taɓa zaɓa mata ƙamshi ba. Ni kuma ba zan ga ƙasar nan ba. Ko Damagaram ma ina shakka.

Na so in rufe takardar nan da sunanka. Na ɗora alƙalami, ya ƙi tafiya. Ka gani? Har yanzu.

Zancen nan na ƙasar da suna ke hannu, wurin mutum uku na ji shi. Sarjan Gambo ya faɗa, na ƙaryata. Kai ka faɗa, na kau da kai. Wadda ta faɗa mini na ƙarshe ba ta yi amfani da baki ba, kuma ita na gaskata: 'yarka ce, Haruka.

Ka huta lafiya. Allah ya haɗa mu inda ba a jin kunya.

Ni ne,
ubanka, mai turare na Goutte d'Or.