Rigar Bafal Ta Ƙi Shiga

Unguwar Briqueterie, Yawunde
Ranar Talata

Zuwa ga Yayata Karimatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Alhaji da duk mutan gida. Ya ciwon gwiwa, ya kuma sanyin Ngaundere? Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke. Mu nan sai godiya. Zaitun ta koma lekol, makarantar bokonsu. Awalu ya daina tambayar inda babansa ya tafi, sai dai in la'asar ta yi ya je ya zauna bakin ƙofa, duk moton da ya wuce, wato babur, sai ya miƙe. Dada, mahaifiyar marigayi, tana ɗakina tun ranar da kika koma. Yau kwana hamsin da uku ke nan da rasuwar Baban Zaitun, Allah ya jiƙansa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Saboda Dada ne. Kin san ta, sai a yi kiran salla ba ta ji ba, amma da an sauke murya sai ta ce me ake faɗa. Ba na son maganar nan ta shiga kunnenta tukuna, ɗanta ne. Baballe direba zai miƙo miki gobe in Allah ya so. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Yaya, ranar Alhamis da ta wuce da hantsi na gane cewa abin da aka gaya mana a kan rasuwar nan ba shi ke nan duka ba. Kin tuna ƙananan bafal ɗinsa guda biyu, sifikun nan da yake haɗa wa piyanonsa in zai yi kiɗan biki? Irin waɗanda injin ƙara sauti yake cikin cikinsu ne, kowanne da wayarsa ta kuran, wato lantarki. Yana ji da su ƙwarai, don ya ce sun hutar da shi ɗaukar taksi, sai ya ɗaure su a moto, ɗaya dama ɗaya hagu, ya goya piyano ya tafi. Tagwayena yake ce musu, har ya sa musu suna Hasan da Husaini. Ni na ɗinka musu riguna da tamfol saboda ruwan saman garin nan. Sau uku na auna, don ya tsaya a kaina yana cewa kada su yi ɗamau kada kuma su yi yawa. Na kuma ɗinke ƙyalle kore a hannun kowanne, ragowar zanen sallata, don kada su cakuɗe da kayan mutane a gidan biki.

Ranar sadakar uku Garga ya dawo da kayan. Garga shi ne mai waƙa, shugaban ƙungiyarsu, dogon nan da ya yi ta kuka a bakin zaure har kika ce a ba shi ruwa. Aka jingine su a lungu, aka rufe da zanin gado, ban iya ko kallon wajen ba sai bayan arba'in. Ranar Alhamis ɗin na ce bari in goge musu ƙura in sa musu rigunansu. Hasan ya shige tasa sumul. Da na zo kan na biyun sai rigar ta tsaya, ta ƙi rufe gindinsa, saura kamar yatsa uku. Na juya ta, na ja, na ce ko tamfol ɗin ne ya ƙanƙance. Sai na duba hannunsa, babu koren ƙyalle, babu ko ramin allura. Na juya bayansa, maɓallansa biyar, na Hasan huɗu. Launi ɗaya, suna ɗaya a goshi, amma wallahi ba Husaini ba ne. Na zauna a ƙasa da rigar a cinyata.

Abin da aka gaya mana, kina wurin: wai a gidan biki ne a Elig-Edzoa bayan la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, yana cikin kiɗa ya miƙa hannu bayan bafal zai ƙara sauti, sai ya yanke jiki ya faɗi. Suka ce zuciya ce. Kafin azahar ta washegari an kai shi makwancinsa, ba wanda ya tambayi komai, ni ma ban tambaya ba. Mutumin da yake ɗaukar bafal biyu ya hau tudun nan namu yana waƙa, ban taɓa jin ya ce ƙirjinsa na ciwo ba. Na san ajali ba ya jiran ciwo. Amma a zaunen nan sai wasu abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Kwana goma kafin rasuwar, Garga ya ari Husaini zuwa wani suna da Baban Zaitun bai je ba. Sai bayan kwana uku ya dawo da shi, ya ce wai ya ɗauke sauti a tsakiyar taro, ya kai wa wani mai gyara a kasuwar Mokolo. Baban Zaitun ya jona shi a tsakar gida, ya taɓa ƙarfen bayansa, sai na ga ya fizge hannu yana yarfewa. Ya yi dariya ya ce, "Rahi, Husaini ya koyo cizo a yawo." Ya ce ba zai sake fita da shi ba sai Abdulgaffar, mai gyaran da ya yarda da shi, ya dawo daga Garwa ya buɗe shi. Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, da Hasan kaɗai ya fita, na gani da idona. Bai fi rabin awa ba sai ga Garga a moto, ya ce filin gidan bikin babba ne, ɗaya ba zai isa ba, wai Mika, Baban Zaitun ke nan, shi ne ya aiko shi ya ɗauko na biyun. Yaya, ni na shiga ɗaki na ɗauko. Ni na miƙa masa da hannuna, ko rigar ban tsaya sa masa ba don yana ta cewa sun makara. Ban kira na tambaya ba, ga wayar a gefen murhu. Wannan shi ne abin da ban gaya miki ba da kika zo, don a lokacin ban ɗauke shi komai ba.

Na roƙi maƙwabciyata Kulsum ta sa mijinta ya kira mini Garga. Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ya tsaya bayan labule ina daga ciki. Na ce masa wannan bafal ba namu ba ne. Ina jin makullin motonsa yana kaɗawa a hannunsa. Sai ya ce, "Haba Madam Mika, alheri fa na yi miki. Wancan ya tsufa, na ce marayu su samu mai kyau." Na ce na gode, to ina tsohon? Ya ce ya jefar. Na ce abin da Baban Zaitun yake goge wa ƙura da hularsa, shi ka jefar ba ka tambayi kowa ba? Sai ya ce a'a, ba jefarwa ba, yana wurin mai gyara. Na ce wane mai gyara, wane layi a Mokolo? Ya ce takaba tana sa mace tunani iri-iri, in yawaita istigfari. Amsa biyu ya ba ni a tsaye ɗaya, kuma bai yarda ya ce Mika ne ya aiko shi ranar ba, da na tambaya sai ya ce ya manta yadda aka yi.

Ki fahimce ni, ban ce ya yi nufin cutar da shi ba. Shekara goma sha ɗaya suna tare, shi ya yi mana kiɗan sunan Awalu bai karɓi komai ba, kukan da ya yi ma na yarda na gaske ne. Amma mutum yana iya kuka don ya yi rashi, yana kuma iya kuka don ya san wani abu.

Daga nan na aika wa Malam Babba, malamin makarantar allon bayan gidanmu, wanda ya yi wa marigayi wanka. Ya zo da sandarsa ya zauna a zaure. Kin san bai taɓa son sana'ar kiɗan nan ba, kullum sai ya ce wa Baban Zaitun ya koma ɗinkin hula, amma yana ƙaunarsa. Na tambaye shi ko ya ga wani tabo a jikinsa, a hannu ko a ƙafa. Ya ce, "'Yata, mai wankan gawa ba ya fitowa da abin da ya gani. Amana ce tsakanina da shi, kada ki sa ni in ci." Na yi kuka, na roƙe shi, ya ƙi. Ya yi addu'a ya tashi. Har ya kai ƙofa sai ya tsaya, ya ce ya ji ɗan yayata ma yana taɓa abin kiɗan nan. Na ce e, Siddiƙ. Ya ce, "To ki ce masa in ji ni, in zai yi, kada ya cire takalminsa." Sai ya fita.

Yaya, kin san yadda ake yi a bikinmu. Tabarmi ake shimfiɗa wa mata, makaɗa a gefe a kan tasu, kuma ba mai taka tabarmar da iyaye za su yi salla a kai da takalmi. Baban Zaitun bai taɓa yin kiɗa da takalmi ba, har tsiya yake yi wa masu yi. Ranar kuwa an sha ruwa, ƙasa jiƙe, tabarma jiƙe. Ni ban yi karatun kuran ba, amma na san dalilin da ya sa yake hana Zaitun taɓa dutsen guga in ta fito wanka ƙafa ba takalmi.

Da a nan maganar ta tsaya, da na haɗiye ta na bar wa Allah, don ba abin da zai dawo da shi. Amma shekaranjiya Lahadi Kulsum ta je biki a Nkomkana, su Garga ne suka yi kiɗa. Na ce ta duba mini. Ta dawo ko gyale ba ta cire ba ta ce ta ga Husaini, a ƙasa kusa da ƙafar mai piyano, da koren ƙyallena a hannunsa, an nannaɗe bayansa da baƙin salatif. Ba a jefar ba, ba ya kuma wurin mai gyara. Wanda ya buga musu ranar wani ɗan Duwala ne da suka ɗauko na kwana ɗaya, ya ƙi cire manyan takalmansa, mata suna ta gunaguni wai ba shi da tarbiyya. Shi ya koma garinsu. Bikin Asabar mai zuwa kuwa, ɗanki Siddiƙ Garga ya nema.

Jiya Siddiƙ ya zo da murnarsa, ya ce in ba shi piyanon Baba Mika, zai riƙe masa gurbinsa, abin da ya samu kuma ya riƙa kawo wa su Zaitun. Yaron nan yana da zuciya mai kyau, shekara huɗu yana zaune gefen marigayi yana koyo, har yadda yake karkata kai ya ɗauko. Na ja shi kicin na gaya masa duk abin da na rubuta miki. Ya ce, "Tanti, baƙin ciki ne yake sa ki ganin haka. Garga ya rantse mini an gyara shi tas." Kin ji, ashe shi an gaya masa bafal ɗin yana nan. Na hana shi piyanon, ya ce ba komai, Garga zai aro masa wani. Na ce to ka tafi da waɗannan biyun na ɗaki, ya ce zai ɗauka, amma Garga uku yake so don gidan babba ne. Na faɗa masa saƙon Malam Babba, sai ya yi dariya ya ce yaya za a yi ɗan Hausawa ya taka tabarmar iyaye da takalmi a tsakiyar unguwarmu ta Birik, ai Baba Mika bai taɓa yi ba. Na ce masa na sani. Na sani, Siddiƙ. Daga nan ya dafa kafaɗata ya ce in sha magani in kwanta.

Shi ya sa na rubuto miki. Ni ba ni da ikon fita, saura wata biyu da rabi in gama takaba, da na je da ƙafata na ɗauko abina a gaban kowa. 'Yan'uwan marigayi in na buɗe baki za su ce ina tonon abin da Allah ya rufe, kuma maganar za ta kai ga Dada. Ke ce uwar Siddiƙ, bai taɓa tsallake maganarki ba. Ki kira shi ranar da takardar nan ta iso, kada ki bari sai Juma'a. Kada ki tsaya lallashi ko ba shi dalili, zai rinjaye ki da daɗin baki kamar yadda ya yi mini. Ki ce kin hana. In ya ji haushina ya ji, na yarda ya daina gaishe ni yana raye.

Sannan ina roƙon Alhaji ya kira Garga, tunda ya san mahaifinsa, Garga kuma yana jin nauyin Alhaji. Ba ƙara nake so a kai ba, ba na neman komai a hannunsa. Abdulgaffar ya dawo daga Garwa. A kai masa bafal ɗin ya buɗe a gaban Malam Babba. In lafiyarsa lau, ni da bakina zan nemi gafarar Garga a gaban mutane. In kuwa ba lafiya ba, a fasa shi da guduma, don ko Siddiƙ bai je ba, wani ɗan mutane zai zauna a wurin, kuma zai cire takalminsa.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, da Goggo Njidda, da Sumayya da maigidanta Alim, ki ce mata man shanun ya iso, Dada ta sa albarka. Zaitun tana gaishe ki, Awalu ya ce ki zo da rake. Ku ci gaba da sa Baban Zaitun a addu'a, ni ma ku sa ni, Allah ya yafe mini abin da hannuna ya miƙa ban sani ba.

Na ninke rigar na sa ƙarƙashin matashina. Har zuwa yanzu da nake rufe takardar nan, Husaini yana hannun Garga, ba wanda ya buɗe shi, Siddiƙ kuma bai ce ya fasa zuwa ranar Asabar ba.

Ƙanwarki,
Rahinatu