Awa Ɗaya da Kwata

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya aiki? Na koma takarda ne saboda wayarka magana ɗaya ta haddace: kana taro.

Jikin Inna ya ƙi. An ba ta gado a asibiti, na uku daga ƙofa, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Duk takalmin da ya yi ƙara a baranda sai ta ɗaga kai.

Na san amsarka: awa ɗaya da kwata ce a jirgin sama, in abu ya taso yanzu ka iso. Shekara huɗu ke nan kana isowa. Ni da na yi furfura ina koya wa yara taswira na auna tsakaninmu, a takarda ko taƙi ɗaya bai cika ba. A mota kuwa awa goma sha bakwai ce, in taya ba ta yi gardama ba. Yayarka mai ɗinki, da kuke gari ɗaya, ba ta iya lissafin sama ba. Da jin labari ta rufe keke ta nufi tasha.

Ka zo, Auta. Abin ya taso.

Ka gaishe min da iyali.
Yayanka, Malam.

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa, da fatan ka koma gida lafiya. Ya gajiyar hanya, ya kuma ƙarin haƙurinmu?

Ban ce maka komai a gaban masu ta'aziyya ba, don na ga kana ta ba su labarin jirgi: ka jira likita ya tabbatar tukuna, ka nemi kujerar Laraba babu, tashin Alhamis aka ɗage. Kowa ya tausaya maka. Yayarka kuwa tun Talata ta iso da kumburarrun ƙafafu, ta samu kwana biyu tana shafa wa Inna mai a baya. Ashe na nesa shi ke sammako.

Ga abin da ban faɗa maka ba. Ranar Alhamis da hantsi, idon Inna ya riga ya dushe. Na shigo da ruwan zafi, ta laluba ta kama hannuna, ta kira ni da sunanka. Yayarka ta dube ni, na dube ta. Na amsa.

Ta tambayi hanya, na ce lafiya lau, ko girgiza babu, ni da ban taɓa taka matakalar jirgi ba. Ta ce dama ta san ba za ka ƙi zuwa ba. Sannan ta sa maka albarka doguwa, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba cikin shekara goma sha ɗaya da nake goya ta zuwa layin likita. Kafin azahar, Inna ta cika.

Saboda haka ka daina ba mutane haƙuri, a wurin Inna ka iso a kan lokaci. Albarkar taka ce. Ni dai na karɓar maka, ban kuma san yadda ake aika ta ba.

Ka huta lafiya.
Yayanka, Malam.