Ƙorafi Kan Rufe Kiran Bidiyo a Ɗakin Kwamfuta na Makarantar Kurame

Daga: Malama Edith Dogara,
Malamar Aji Biyar,
Makarantar Kurame ta Albishir, Samaru, Zariya.

Zuwa ga: Dattijo Cornelius Magaji,
Shugaban Kwamitin Gudanarwa.

Laraba, 21 ga Mayu, 2025.

Game da: Rariyar intanet da aka saka ranar 5 ga Mayu, da halin da ta jefa ɗalibata Christabel Yakubu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, ina roƙon Baba ya karanta wannan takarda har ƙarshe.

1. Ranar Litinin, 5 ga wata, bisa umarnin kwamiti, Iyke mai gyaran kwamfuta na unguwar Muchia a Sabon Gari ya saka manhajar tace shafuka, wadda mu malamai muke kira rariya. Ban ƙi ba. Da idona na ga ƙazantar da aka kama wasu suna kallo, ni ma na goyi baya a taro.

2. Sai dai rariyar ta toshe bidiyo gaba ɗaya, har da kiran bidiyo. Baba, makarantar kurame ce fa! Yaranmu da hannu suke magana, da ido suke ji.

3. Christabel yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya, tana kwana a makaranta. Mahaifiyarta, Lovelyn, tana kwance a asibiti a Kafanchan tun kafin bikin Ista. Matar ba ta yi boko ba, saƙon rubutu ba zai amfane ta ba. Kowace Asabar da rana ƙanen Lovelyn yakan riƙe mata waya a gadon asibiti, ni kuma in zaunar da yarinyar gaban kwamfuta, su yi hira da alamun da suka saba tun tana goye, waɗanda ko ni ban san rabinsu ba. Asabar biyu ke nan ba su ga juna ba.

4. Ranar 12 ga wata na hau Keke Napep har shagon Iyke a Sabon Gari. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce buɗewar ba ta fi shan ruwa wuya ba, amma lambar sirri tana hannun Sakatare, Malam Othniel. Na sami Sakatare ranar 14. Ya ce sai kwamiti ya zauna a watan Yuli, kafin nan yarinyar ta kira uwarta a waya kamar kowa. A waya, ranka ya daɗe! Shekararsa nawa a wannan makaranta?

5. Na gwada da tawa wayar. Sabis ɗin unguwarmu Baba ya san shi. Hoton yakan daskare, hannun uwar ya tsaya a sama, maganar ta yanke a tsakiya. Yarinyar ta yi ta girgiza wayar har na karɓe.

6. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na Asabar da ta wuce. Christabel ta zauna gaban kwamfuta tana kallon hoton kwaɗon kulle da rariyar ke fitarwa, can ta juyo ta tambaye ni ko mamarta ta mutu ne muke ɓoye mata. Na rantse mata cewa tana raye. Ba ta yarda ba. Tun ranar ba ta cin abinci sai an tsare ta, ni kuma gaskiya raina a ɓace yake, tsoro kuma nake ji.

Saboda haka ina roƙo da tawali'u a bar rariyar yadda take, a buɗe kiran bidiyo a kwamfuta guda ɗaya tak, a gabana, in ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya. Ina roƙon a yi haka kafin Asabar, 24 ga wata, domin likitoci sun sa ranar Litinin, 26, za a shiga da Lovelyn tiyata. Muna addu'a ta fito lafiya. Amma rai a hannun Allah yake, kuma idan aka jira zaman Yuli, ban san da wane hannu zan yi wa yarinyar nan bayani ba.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da hikima.

Taka cikin ladabi da biyayya,

Edith Dogara