Sai Tukkuna Ya Tsiro

Daga mahaƙar zinariya, Ostareliya, 1861

Inna,

Na durƙusa ina gaishe ki. Yaya ciwon gwiwar? Ƙanwata Siu-lan fa, sun gama dashen shinkafa?

Ina lafiya, ina ci ina ƙoshi. Baƙin zaren da kika murza mini na ɗaure tukku ya iso. Na adana shi.

Idan labari ya riga wasiƙata, kada ki tsorata. Wata ranar Lahadi kwanakin baya Turawan da ke haƙa kusa da mu suka auko mana da sanduna, suna ihu, "Ku koma garinku, zinariyar nan tamu ce!" Sun ƙone tantuna. Ni hannu kawai na gurɗe, ya ma warke.

Sai dai, Inna, mutum uku sun danne ni, wani ya datse tukkuna da wuƙa, ya rataya a sanda. Kawu Wing-cheung mai dafa mana abinci ya dube ni ya ce, "Kai, ka huta da kwarkwata!" Muka yi dariya, sannan ya juya baya ya daɗe yana hura wutar da ta riga ta kama.

Kin san duk wanda ya sauka daga jirgi a ƙasarmu ta Sin ba tukku, ɗan tawaye hukuma za ta kira shi. Don haka kada ki yanka agwagwar nan da kika ajiye don dawowata a sabuwar shekara. Turawan nan su ke ihu in koma gida, su kuma suka hana ni.

Ki kunna turare a kabarin Baba a madadina. Gashin ya kai gaɓar yatsa ɗaya. Kullum ina aunawa.

Ɗanki,
Kam-fuk