Sunan da Ke Kan Takarduna

Sharaɗa, Kano
14 ga Mayu, 1979

Zuwa ga Yaya Atika, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ban girma, tare da fatan wasiƙar nan za ta same ki lafiya, ke da Malam da yara duka. Allah ya ƙara wa ƙafarki sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan sai godiya. Zuwaira tana lafiya, Binta ta shiga aji uku, Ladidi kuwa ta fara haƙori, ba abin da ya tsira daga bakinta, har bel ɗina na aiki ta tauna. Ruwa ya sauka sau biyu, amma na hana manomana shuka, suna ta yi mini dariya wai malamin gona ya fi gizo tsoro.

Yaya, wata magana ce ta ɗaure mini kai, kuma duk duniya ke kaɗai kika rage da za ki kwance ta. Kin san aikina a sashen malaman gona na jami'a: ina zagaya masu lambu a bakin kogin Chalawa, da ma'aikatan kamfani da ke noma 'yan fegi bayan sun tashi aiki, ina nuna musu iri da taki. To, watan jiya takarda ta zo daga hedkwata cewa an sake tsari. Za a tura mutum huɗu kwas na shekara biyu, wanda ya dawo a ba shi babban muƙami, wanda bai je ba kuwa ya dawwama a matakin da yake. Sunana ya fito na biyu. Sharaɗi ɗaya ne, kada mutum ya haura shekara talatin da biyar. Ban damu ba, tunda Inna, Allah ya jiƙanta, kullum takan ce cikin azumi ta haife ni, shekara guda bayan an gama yaƙin Turawa. Talatin da uku ke nan.

Sai Malam Habila, mai kula da fayil ɗin ma'aikata, ya kira ni ya buɗe nawa, ya nuna mini takardar elementare. Wai an haife ni 1943, shekarata talatin da shida. Na ce kuskuren malamai ne, shekara goma sha huɗu ina aiki ban taɓa duba wannan layin ba. Ya ce abu mai sauƙi ne, in samo babba a dangi mu je gaban alƙali ya rantse a kan shekaruna, a gyara. Na hau keke na tafi Bompai wurin Kawu Ashafa, inda yake gadi a kamfanin man gyaɗa. Ina tsammanin zai ce mu tafi gobe. Sai ya ce shi ba zai dafa Alƙur'ani ya ce an haifi Uwaisu bayan yaƙi ba, domin Uwaisu ana tsakiyar yaƙin aka haife shi, kuma da hannunsa ya saka shi a kabari.

Yaya, sai na ce masa ban gane ba. Ni duk rayuwata na ɗauka Labaran laƙabina ne saboda azumi, Uwaisu kuma sunana na yanka, shi ya sa ake kirana da shi a makaranta da ofis. Kawu ya ce a'a, sunana na yanka Haruna. Wai akwai wa tsakanina da ke, shi ne Uwaisu. Dagaci ya rubuta sunansa cikin yaran da za a kai boko, sai sanƙarau ya ɗauke shi kafin a buɗe makaranta. A lokacin mutane kan ɓoye 'ya'yansu a rumbu su ce sun mutu, don haka Baba ya ji tsoron a ce ƙarya yake a kai shi gaban hakimi. Sai ya kama hannuna ya miƙa, ya ce ga Uwaisu. Yanzu na tuna ranar. An ce kowa ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa don a gane wanda ya isa makaranta, nawa bai kai ba, malamin ya dubi takarda ya dube ni, ya ce tsamurmuri ne kawai, in wuce.

Na koma na faɗa wa Malam Habila komai, don mutumin kirki ne. Ya rufe ƙofa ya ce shi bai ji ba. Wai in na tsaya a Uwaisu, na tsufa da kwas. In na je na rantse cewa ni Haruna ne, shekaruna sun yi daidai, amma duk takardun karatuna sun zama na wani, ana iya cewa da takardun mamaci na ci aiki, kwas ya tafi aiki ya bi shi. Gaba kura baya sayaki ke nan. Zuwaira ta ce in nemi wani tsoho ya rantse a wuce wurin, Allah ya san gaskiyata. Na ce gaskiyar wa? Shekarun nawa ne, sunan ba nawa ba. Ni ne na sha bulala a aji, ni na ci jarrabawa, amma ko babbar 'yata, Binta Uwaisu ake kiranta a makaranta. Yaron da ya rasu bai kai shekara goma ba, ga shi da 'ya'ya a takarda, Haruna kuwa ko rasit babu da sunansa.

Ƙarshen watan gobe za a rufe karɓar fom. Na cika shi sau uku ina yagewa. Ina son kwas ɗin nan, Yaya, ba zan ɓoye miki ba, na gaji da yaran da na koya wa riƙe mafeshi su dawo suna sa mini hannu a takardar hutu. Amma tun ranar da na baro Bompai, ba kwas ɗin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Ke kika goya ni, shi kuma kun yi wasa tare. Me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa mini? Inna da ba ta taɓa kirana Uwaisu ba ko sau ɗaya, na ɗauka kunya ce irin ta mata, ashe ɗanta take ji ana kira kullum wani yana amsawa. Wannan shi ya sa ni kuka, ba maganar aiki ba.

Ki sa ɗanki Lawan ya rubuto mini amsa da wuri, ki ba direbobin da ke zuwa Kano, kada ki bi ta gidan waya. Ki faɗa mini abin da kike ganin ya dace in yi. Ki kuma faɗa mini yadda yake, fari ne ko baƙi, mai surutu ne ko shiru-shiru, kuma a wane gefen maƙabarta yake. Shekara ashirin da bakwai ina cin abinci da sunansa, ko Fatiha ɗaya ban taɓa yi masa ba sai makon jiya.

Ki gaida Malam da kyau, da Lawan da Fanna da Uba. Zuwaira tana gaishe ki, Kawu Ashafa ma ya ce in ce miki ki yafe masa tona maganar da ya yi. Allah ya sada mu da alheri.

Na daɗe da alƙalami a hannu ban san me zan rubuta a nan ba. Bari in sa wanda na tabbata da shi, wanda kike kirana da shi ina bayanki.

Ƙanenki,
Labaran